Baƙin Zare a Jar Ɗamara

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni Malam, shi kuma ya karɓi abinsa. Zainabu jikata, ke ce mai rubutu, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. In kin ga na yi shiru ina share ido, ki jira ni, ba gamawa na yi ba.

Ga abin da ya sa na zaunar da ke. Ranar addu'ar arba'in ɗin Malam ina ɗaki, taga a buɗe, na ji ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, yana ba baƙi labari a tsakar gida.

"Baba mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai taurin kai. Ba don ya yar da aikinsa a kan wasan banza ba, da dukanmu a Masar muka yi karatu."

Sai da na ciji bakin mayafina. Taurin kai kam akwai shi, na zauna da shi fiye da shekara hamsin, ba wanda zai ba ni labari. Amma ba haka abin ya faru ba, kuma tunda mai hana ni magana ya tafi, yau sai na faɗa.

Daga Malumfashi muka tafi Alƙahira, Malam ya je karatun fiƙihu, ni na bi shi da tukwanena. Da tallafin karatun ya ƙare bai so komawa gida ba, don akwai littattafan da bai sauke ba. Sai ya samu aiki a unguwar Ma'adi, a wani fili na Turawan da ke aikin mai. Shi ke ba ciyawa ruwa, shi ke ja layi da farar ƙasa. Babban abin da ke cikin aikin shi ne takardar da shugaban filin ke sa wa hannu duk shekara, wadda da ita ake sabunta mana iƙama, wato izinin zama a ƙasar. Shugaban nan dogon Bature ne mai gashin baki kamar tsintsiya, Misirawan da ke aiki a wurin suna kiransa Abu Shanab, wato mai gashin baki, mu ma haka muka san shi. Muna zaune a Hadayek el-Ma'adi, ɗaki biyu a saman wani bene. A lokacin ana ta haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari.

Turawan nan suna da wani wasa da suke yi ran Juma'a da yamma. Ƙwallon ba zagaye ba ne, kamar gwanda yake, kuma a hannu ake rungumarsa a yi gudu da shi. A ƙasarsu, wai, kayar da mai gudun ake yi. To su waɗannan magidanta ne masu tumbi, ba mai son ya karye, sai kowa ya ɗaura ɗamara a ƙugu mai ƙyalle biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. In an fizge ƙyallen, mai gudu ya tsaya a nan. Su suna ce masa ƙwallon tuta, ni kuwa wasan ƙyalle nake ce masa har gobe. Ƙyallen ba ɗinke yake ba, manne shi ake yi da wani abu mai kama kamar ƙarangiya. Da alƙalin wasansu ya koma ƙasarsu, suka rasa wanda ɓangare biyu za su yarda da shi, sai wani ya ce ga mai ban ruwan nan da ba ya ƙarya. Suka miƙa wa Malam usur, da hankici ruwan ɗorawa na jefawa in an yi laifi, da wani ɗan littafin dokoki na Turanci.

Littafin nan shi ya hana ni sakat shekara huɗu. Malam ya ɗauke shi kamar littafin fiƙihu. Da shi ya koyi Turanci, kalma kalma, yana cika gefen shafi da sharhi da ajami har ba wurin sa yatsa. Duk ran Alhamis ɗaliban ƙasar Hausa na unguwar Hay el-Sabi' sukan zo cin tuwo a gidanmu, tun daga can, mota biyu. Da can ana gama gaisuwa ake wanke hannu. Da littafin ya shigo, sai a baje shi a tabarma a kama mas'ala. In mai gudu ya kare ƙyallensa da hannu fa? In rigarsa ta sauko ta rufe shi fa? In an fizge, a ina za a ajiye ƙwallo, inda hannunsa yake ko inda ƙugunsa yake? Akwai wani Malam Habu, mutumin Maraɗi, da bai taɓa taka filin ba ko sau ɗaya, amma shi ya fi kowa zafi.

"To Malam, in ƙyallen ya faɗi da kansa, ba wanda ya taɓa shi, mai gudu ya tsaya ko ya wuce?"

"Littafi ya ce a taɓa mai gudun da hannu, taɓawar ta tsaya a madadin fizgewa."

"Kamar taimama ke nan in an rasa ruwa!"

"Ahsanta! Amma akwai ƙauli na biyu. In ya faɗi kafin ya karɓi ƙwallo..."

"Malam, akwai ƙauli na uku," na ce daga bakin ƙofa. "Tuwo ya huce."

"Ma'alish, yi haƙuri, Kulu, yanzun nan."

Yanzun nan ɗin Malam sai an kira magariba. Miyar kukar da nake tattalinta, wadda sai wani ya zo daga gida ake samu, ta daskare a kwano. Kuma kullum a kan mas'ala ɗaya ake maƙalewa, ta ƙyallen da ya faɗi da kansa. A fili ma ita ce ke haɗa shi da Turawa. Ya dawo murya a dushe, ya ce yau sau biyar ƙyalle ya faɗi ba a taɓa shi ba, wannan ya ce na fizge, wancan ya ce ƙarya ne. Wata rana har ɗankwalina ya yaga biyu ya soke a ƙugu, ya ce in bi shi in fizga don ya ga wani abu. Ni da cikin wata bakwai, ga albasa a kan wuta.

A shekara ta huɗu, ana saura kwana biyu wasansu na ƙarshe, wanda ake ba da kofi, Malam ya shigo da buhu biyu, ɗaya na jajayen ɗamaru, ɗaya na rawaya. Ya ce in wanke su, ranar manyan baƙi za su zo. Na wanke na shanya a saman bene. Rawayen sababbi ne, in ka manna ƙyallen sai ya kama gam. Jajayen kuwa ƙarangiyarsu ta mutu, duk ciyawa ta cika ta. Ina ɗaga ɗaya daga igiya ƙyallen ya faɗo a ƙafata. Na tsaya ina kallonsa a ƙasa. Na ce ashe kai ne. Kai ne ka hucar mini da tuwo shekara huɗu, kai ne ke dusar da muryar mijina. Maza goma masu ilimi sun kasa, ga shi allura ɗaya za ta kashe maganar.

Na ɗauko baƙin zaren da nake ɗinkin katifa da shi. Ba ɗinkewa gaba ɗaya na yi ba, Allah shi ne shaida. Suka huɗu huɗu na yi wa kowane, ta ciki inda ba a gani, na ƙulle da ƙulli biyu yadda mahaifiyata ta koya mini. A raina na ce iska ba za ta yar da shi ba, gudu ba zai yar da shi ba, amma ƙato in ya fizga ai zai fita. Ni ban san ƙarfin hannuna ba. Na ninke su tsaf na mayar a buhu, ban gaya wa Malam ba, ina jira ya dawo ran Juma'a ya ce yau ko ƙyalle ɗaya bai faɗi ba, ni kuma in ce to, ka tambayi ƙauli na uku.

Ran Juma'ar ya ce mu shirya mu je da yara, ranar iyalai ce. Wannan ne zuwana na farko filin, shi ne kuma na ƙarshe. Na zauna gefe a ƙarƙashin wata bishiya, na baza zani. Na hango Malam cikin riga mai zane fari da baƙi, usur a wuya, yana tafiya kamar wani gwamna. Al'adarsa ce kafin a fara ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ya ja ƙyallen kowa ya ga yana fita. Ranar ya ja na rawaye biyu ko uku, sai aka kira shi gaisawa da baƙi. Jajayen dubawa kawai ya yi da ido. Daga gidansa suka fito, me zai bincika?

Abu Shanab shi ne kan jajaye. Ba a daɗe da farawa ba aka jefa masa ƙwallo, ya rungume ya zuba da gudu. Wani na rawaye ya cafki ƙyallensa ya fizga. Ƙyalle bai fita ba. Ya ƙara riƙewa da hannu biyu, Abu Shanab ya ja shi a ƙasa kamar jaki da amalanke. Gajeren wandonsa ya yage tun daga ƙugu, amma ƙyallena yana nan daram. Ya kuɓuce ya tsallake layin ƙarshe, mutanensa suka yi ta ihu. Ni ma, Allah ya yafe mini, murmushi nake yi. Na ce ga aiki.

Akwai wata doka a littafin da ban taɓa ji ba, don ba a taɓa gardama a kanta a gidana ba, abin da kowa ya yarda da shi ba ya hucar da tuwo. Wanda ya ci, sai ya ɗaga hannuwansa sama, alƙali ya zo ya ja ƙyallensa sau ɗaya a gaban kowa. In ya fita, ci ya tabbata. In bai fita ba, to ɗaure shi aka yi, ha'inci ne, a soke cin kuma a kori mutumin daga wasan. Abu Shanab ya ɗaga hannu yana haki yana dariya. Malam ya ja. Ƙyalle bai fita ba. Na ga ya zaro hankicin nan ya jefa sama, ya busa usur, ya nuna wa maigidansa hanyar waje, a gaban matarsa da 'ya'yansa da manyan wurin aikinsa. Bai ko yi jinkiri ba.

Fili ya kaure. Ba na jin Turanci, amma rantsuwa ko da wane yare ake yinta ana ganewa. Fuskar Abu Shanab ta yi ja kamar ɗamarar tasa, ya kwance ta ya jefa a ƙirjin Malam. Malam ya sunkuya ya ɗauka, ya juya cikinta. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana sa rigar da na ɗinka. Ya daɗe yana kallon ƙullin nan biyu. Sannan ya ɗago kai, ya bi gefen fili da ido har ya same ni a gindin bishiya.

A nan na gane abin da na jawo. Na miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, zan nufi tsakiyar fili. Malam ya girgiza mini kai sau ɗaya, a hankali. Na koma na zauna. Wannan zaman shi ne abin da ban yafe wa kaina ba har yau.

Ya sake busa usur ya tara su. Daga baya ya faɗa mini abin da ya ce. Ya ce ya janye hukuncinsa, mutumin nan bai yi ha'inci ba, kuma yana ba shi haƙuri a gaban waɗanda aka kunyata shi a gabansu. Ya ce duk jajayen ɗamaru a ɗinke suke, daga hannunsa suka fito, kuma bai bincika ba alhali littafi ya ɗora binciken a kan alƙali. Saboda haka wasan yau bai ƙullu ba tun daga farkonsa, sai a sake wata rana, kuma da wani alƙali. Ya cire usur daga wuya ya ajiye a kan ciyawa. Rawaye suka ce a ba su kofi tunda an cuce su. Jajaye suka ce a bar musu cinsu tunda ba su da laifi. Ya ce littafi bai ba kowa ba. Suka ce to wa ya ɗinka? Ya ce wannan ba ta cikin abin da zai yi hukunci a kai. Nan take ɓangare biyu suka haɗu a kansa. Rawaye suka ce ya yi ne don maigidansa ya ci. Jajaye suka ce tarko ya haƙa wa maigidansa don ya tozarta shi.

Muna isa gida ko mayafi ban cire ba.

"Malam, me ya hana ka cewa matarka ce? Jahila ce, ba ta san dokarku ba. Dariya za su yi, shi ke nan, magana ta wuce."

"Na sani za su yi dariya."

"To?"

"To shi ya sa. Shekara ashirin nan gaba suna ƙasarsu suna shan abin da suke sha, suna ba da labarin matar mai ban ruwa da ta ɗinke tuta. Ba za a yi hira da ke a wannan teburin ba."

"Su yi mana! Dariyarsu za ta cire mini fata ne? Iƙamarmu saura wata biyu, Malam. Yara huɗu."

"Kulu, littafi bai tambayi wanda ya ɗinka ba. Wanda ya bincika ya tambaya. In na ce ke ce, na ɗauke kayana na ɗora miki."

"Littafin nan Alƙur'ani ne?"

"A'a. Amma da shi na kori mutum a gaban 'ya'yansa. In ya yi aiki a kansa, sai ya yi aiki a kaina. Khalas, an rufe maganar."

Wallahi da ludayi a hannuna da ban san abin da zan yi ba. Mutum ya yi maka gata, kuma ka ji kamar ka shaƙe shi.

Ban haƙura ba. Bayan kwana uku, da Malam ya fita, na sa jar ɗamara ɗaya da ta biyo Malam gida a jaka, na goya ƙaramar 'yata, na taka har cikin Ma'adi ina tambayar masu gadi gidan Abu Shanab. Mai gadinsa ya shigar da ni wurin matarsa. Ni Larabcin kasuwa kawai na iya, ita ko shi ba ta iya ba, mai gadin kuma ya koma bakin ƙofa. Na fito da ɗamara, na nuna mata zaren, na buga ƙirjina, na yi alamar ɗinki da yatsu. Na ce ana, ana, ni ce. Ta yi ta kallona. Can fuskarta ta washe, ta ce tamam, ta shiga ciki. Na ce Alhamdulillahi, ta gane. Sai ga ta da leda cike da kaya masu buƙatar ɗinki, ta miƙa mini. A saman ledar ga gajeren wandon nan da ya yage a fili.

Da kuka na dawo. Malam ya tarar da ni zaune da ledar, na faɗa masa inda na je. Na zaci faɗa zai yi. Ya ɗaga wandon ya duba yagewar, sai ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Dariyarsa ke nan guda ɗaya a duk watan.

"Ki ɗinka masa, Kulu. Wannan kam ana so ya riƙe."

Na ɗinka, shi ya mayar da kansa, bai ƙara kalma ɗaya a kan ɗamara ba. Abu Shanab bai kore shi da baki ba. Lokacin takarda ne da ya zo, aka ce shugaba ba ya nan, gobe ma ba ya nan, har aka ɗauki wani mai ban ruwa. Muka bar ɗakunanmu biyu muka koma Hay el-Sabi', ɗaki ɗaya da Malam Habu ya samo mana a gidan ɗalibai, mu shida, labule a tsakani. Malam ya yi ta bin ofis ofis ko za a ƙara mana wa'adi, ba a ƙara ba. Kafin shekara ta zagayo muka tattara muka dawo Malumfashi. Aka cire ɗana na fari daga makarantarsa yana tsakiyar karatu, shi da ya fi kowa Larabci a ajinsu. Littattafan da Malam ya zauna dominsu, biyu daga ciki bai sauke su ba har ya koma ga Allah.

Yara suna girma suna tambaya me ya dawo da mu. Shi yakan ce, "Na yi kuskure a wurin aiki, na biya." Daga nan ba ƙari. Sau nawa na buɗe baki, sai ya kalle ni ya girgiza kai, irin girgizawar nan ta gindin bishiya. Har a ciwon ajalinsa na ce masa, Malam, ka bar ni in gaya musu, yaron nan yana riƙe da kai a zuciya. Ya ce, "Gara ya riƙe ni da ya riƙe ki. Ni na saba da ihun 'yan wasa." Kin ji mutum. Yana kwance ba ya iya ɗaga kofi, amma yana nan yana yanke hukunci. Yanzu ga shi ya tafi ya bar ni da gidan da ba mai hucar mini da tuwo, na dafa in zauna ina kallonsa yana tururi, ba na iya ci.

To ku ji, 'ya'yana, musamman kai babbansu. Ubanku bai yar da aikinsa a kan wasan banza ba. Wasan banza ne kam, har gobe ban ga amfanin ƙato mai gashin baki yana gudu da ƙyalle a ƙugu ba. Amma allurar da ta dawo da ku daga Masar a hannuna take. In akwai wanda za a riƙe a zuciya, ga ni, da sauran numfashina, a zo a faɗa mini a gabana. Shi a sake shi ya kwanta.

Zainabu, ajiye alƙalamin ki jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado. Can ƙasa, ƙarƙashin farin mayafi. Ita ce, ɗamarar da na kai wa matar Abu Shanab. Jan ya koɗe, amma juya cikinta ki ga zaren. Kama ƙyallen ki ja. Ƙara ja, ke ba yarinya ba ce mai ƙarfi? To kin gani.

In kin gama rubutun, ki haɗa da ita ki kai wa kawunki, babban nasu. Ki ce na ce ya karanta tukuna, sannan ya ja da hannunsa.